Sukuru Uku Da Na Shafa Wa Farin Fenti

Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka saba da ni su yi haƙuri, bari in sake faɗin sunana saboda baƙi. Ni ne Gide, mai naɗin wayar fanka da janareto a bakin titin Sheme, gefen masu shayi. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ya sa rubutuna ke tafiya a hankali, da yatsa ɗaya ni ke danna wayar nan in aiki ya lafa. Yau wata wauta na zo in faɗa maku wadda na tafka da hannuna, don na ga gara ku ji ta daga bakina.

Mansura ɗiyar Malam Lawwali ce, tsohon malamin gona a Faskari. Tana karatun digiri na biyu a Zariya, ɓangaren ƙera kayan asibiti. Janareton babanta ne ya haɗa mu. Ya ƙone aka kawo mani, na sake mashi naɗi. Bayan kwana biyu sai ga wata doguwa a bakin rumfata, atamfa ruwan ganye da farin mayafi, da jakar goyo irin ta 'yan makaranta. Ta tsaya tana kallon hannuna har na tsargu.

"Kai ka naɗa na Baba?"

"Ni ne. Halan ya sake lalacewa?"

"Lafiyarshi lau. Buɗe shi na yi don in ga aikin. Ko waya ɗaya ba ta hau kan 'yar uwarta ba."

Jama'a, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa buɗe inji don ya ga kyan naɗina. Kowa dai a tayar mashi ya ji ƙara ya tafi. Na share mata benci da hular kaina, ban ma san na yi ba sai da masu shayi suka fara tari.

Ta zauna ta fiddo takardu ta shimfiɗa a cinya.

"Ka san na'urar nan ta asibiti da ake tura mutum cikin rami a ɗauki hoton cikinshi? MRI?"

"Ina dai jin labari."

"Wani ƙaton mayen ƙarfe ne. In aka sa mutum ciki, ruwan jikinshi sai ya riƙa fitar da wata 'yar murya irin ta rediyo, na'ura ta saurara ta zana hoto. To ba ruwa kaɗai ke magana ba. Gishirin jiki ma yana magana, sai dai a wata tasha daban, kuma muryarshi ƙasa-ƙasa ce ƙwarai. Ni kunne ni ke son in ƙera wanda zai kama tashoshin nan biyu lokaci guda."

"Tasha biyu a rediyo ɗaya? Malama, ai hayaniya za ki ji."

Ta yi dariya, ta nuna ni da biro. "To ka ga ka gane matsalar cikin minti ɗaya. Wasu a ajinmu sai da suka yi sati."

Na tambaye ta amfanin jin gishirin. Ta ce akwai ciwon da tun kafin ya nuna a hoton ruwa, gishirin wurin ya riga ya canza, in likita ya gani da wuri sai ya tare shi da wuri. Ta ce tashar ruwa tana lamba sittin da huɗu, ta gishiri kuma sha bakwai, can kusa da inda tsofaffinmu ke kamo labaran duniya a gajeren zango. Wannan ya yi mani daɗi. Ashe duk wanda ka gani yana tafe a titi, akwai tasha biyu a jikinshi suna ta surutu ba mai saurare.

Wata huɗu muka yi. Duk hutun da ta samu sai ta zo. Zobe biyu na tagulla muka lanƙwasa, babban ya kai faɗin faifai, ƙaramin a cikinshi. Sai wasu ƙananan naɗi kamar ƙwayar wake, zagaye bakwai da rabi, ba takwas ba, ba bakwai ba. Su take kira tarko, su ke hana babbar murya shiga ƙaramin zobe. Ni ke naɗawa in liƙa da dalma, ita kuma ta jona wata 'yar na'urar awo mai fuska irin ta waya, mu zuba ido mu ga ko layin zai lotsa a wuri biyu. In ya goce sai ta ce, "Buɗa shi kaɗan, kamar kaurin gashi." In buɗa da farce. Wata rana tun hantsi har la'asar a kan wake ɗaya muke.

Kuma duk abin da za mu sa, ko kwandansa ce ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, sai ta fara goga ta a jikin mayen ƙarfe.

"Gide, ko tsinin allura ban yarda ba. Na'urar nan in ta hango tukunyar iskar asibiti, daga bakin ƙofa take fizge ta. Tagulla da dalma da roba, shi ke nan."

"Na ji, Malama."

Ku riƙe wannan "na ji" ɗin, don kun ga dai an faɗa mani.

Yadda zance ya juya kuwa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Da aiki ya kusa ƙarewa na tura mata saƙo, na goge shi sau huɗu kafin in tura:

"Malama in kunnen nan ya gama shi ke nan kin daina zuwa Sheme?"

Ba ta amsa ba sai bayan azahar.

"Shi ke nan. Sai dai in wani ya san hanyar Faskari."

Na karanta har batir ya yi ja.

Innata da ta ji, ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa. "Gide, yarinya mai digiri biyu? Kai da ko takardar asibiti sai an karanta maka? Ka rufa mani asiri, kada a yi mana dariya a Faskari." Ba ƙi take ba, tsoro take ji kada a wulaƙanta ni.

Mai ƙin gaske tana can gidansu Mansura. Goggo Hajaratu, yayar Malam Lawwali, ta zo daga Sabuwa da sunan kwana uku, yau wata biyu ke nan. Tana da ɗan takararta, Salahuddeen, ɗan ƙanen marigayi mijinta, mai kantin magani a Katsina da mota mai sanyi. Na gan shi sau ɗaya, kuma in faɗi gaskiya mutumin kirki ne, har hannu ya ba ni. Goggo kuwa ko sunana ba ta kira, "mai fankar nan" take cewa.

Shi Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da na je gaishe shi, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Yarinyar nan hankalinta na kan gwajinta. Asabar za ta yi. Lahadi bayan la'asar ka zo mu yi magana, in ji ko za ka turo manya." Kun ji abin da ke gabana ke nan: Lahadi.

Gwajin kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wani asibiti ne da ke da na'urar bincike mai iya sauraron gishiri, kuma irinta ba ta da yawa. Wata biyar malaminta yana roƙo kafin su ba ta awa biyu, ƙarfe goma zuwa sha biyu. Ba mutum za a sa ba, kwalbar ruwan gishiri ce.

Ranar Laraba ta kawo mani akwatin roba fari da za a rufe zobban a ciki, da 'yar leda mai sukuru goma sha biyu, su ma na roba, farare tas. Ta ce daga nesa aka aiko su, babu ragowa. Za ta wuce gida ta yi wanki, in haɗa, Juma'a da safe ta biyo ta ɗauka.

To ni hannuna ya saba da murfin janareto. Mu a wurinmu, sukurun da bai yi ƙara ba bai ɗauru ba. Na ɗaura na farko, na ƙara mashi ɗan juyi na tabbatarwa, sai na ji ƙas. Kai ya fita. Na ce wannan dama mai rauni ne. Na biyar ma ƙas. Na tara ma ƙas. Na zauna da kawunan sukuru uku a tafin hannu.

Ku da kuke karantawa a inuwa, na san abin da za ku ce: ka kira ta mana. Wallahi na ɗauki wayar. Sai na tuna ranar da ta ce ko waya ɗaya ba ta hau kan 'yar uwarta ba. Abin da ta gani a jikina ke nan, hannu. Ba ni da digiri, ba ni da mota, hannun nan kaɗai gare ni, kuma shi ne zan kira in ce ya karya mata kaya saura kwana uku? Na mayar da wayar aljihu.

Alhamis na hau babur sai Ƙanƙara. Na bi layin masu kayan wuta, na bi na masu kayan gini, na roba babu. Wani dattijo har ya yi mani dariya, ya ce roba ai ta bokiti ce. Ya zazzago mani wasu ƙanana na ƙarfe masu sheƙi, daidai ramin. Na ɗauki huɗu. A hanya ina ta lallashin kaina: ai ƙanana ne, ai a gefe suke nesa da tagulla, ai tukunyar iska ta ce, wannan ko nauyin ƙwayar masara bai yi ba. Na zo na ɗaura uku. Suka zauna daram, sai dai suna ta ƙyalli a cikin farare.

Nan ne fa inda na fi jin kunya. Na je wurin mai rubutun allon shaguna na roƙi ɗigon farin fenti a murfin kwalba, na sa tsinken ashana na shafe kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Da ya bushe ni kaina sai da na duba sosai kafin in gane su.

Juma'a ta zo da doguwar riga ruwan toka, ta juya akwatin, ta jona na'urar awonta, layi ya lotsa a wuri biyu.

"Gide, ka ga kyau kuwa? Kamar daga kamfani."

Ba ta goga shi a mayen ƙarfe ba. Mi zai sa ta goga? Ita ta kawo sukurun da hannunta, kuma ni ta ba.

Asabar da safe na buɗe rumfa, na karanta saƙonta: "Mun iso lafiya. Na sa hannu a takardarsu cewa babu ƙarfe a ciki. Waya za ta shiga loka, ba a shiga ɗakin da ita. A yi mani addu'a." Na tura mata "Allah ya ba da sa'a," na jawo wata fanka na fara kwancewa.

Akwai wani tsohon mayen ƙarfe na lasifika da ni ke ajiyewa a kan tebur, shi ke riƙe mani ƙananan kaya kada su ɓace. Ina laluben aljihu sai sukuru na huɗun nan ya faɗo. Bai kai ƙasa ba. Daga kusan taƙi guda ya karkata a iska ya manne, ƙat. Na sa yatsa biyu na ɓamɓaro shi da ƙyar. Na sake shi, ya sake komawa, ƙat.

Wannan fa na lasifikar biki ne, wanda ni ke ɗagawa da hannu ɗaya. Nata kuwa ya cika ɗaki. Kuma ta sa hannu a takarda da sunanta.

Na duba agogo, tara da minti talatin da biyar.

Na kira ta, tana ta ringin ba a ɗauka. Na sake, na sake. Wayar ta riga ta shiga loka. Na san tare take da ƙawarta Alheri, wadda suke aji ɗaya, amma ba ni da lambarta. Mutum ɗaya ne zan iya tambaya a duniya, kuma shi ne mutumin da gobe zai yanke mani hukunci.

Abin da ban faɗa maku ba, Malam Lawwali kunnenshi ya ɗan yi nauyi, don haka wayarshi kullum a buɗe take yadda duk gida za a ji. Na sani sarai. Na ce bisimilla na danna.

"Salamu alaikum Baba, Gide ne."

"A'a, Gide. Ai gobe muka ce."

"Baba, lambar Alheri ni ke nema, da gaggawa."

"Lafiya? Mi ya faru?"

Na so in ce saƙo ne kawai. Amma dattijo ne, in na ce gaggawa ban faɗi dalili ba zai ɗauka hatsari aka yi a hanya. Na rufe ido na faɗi duka: na karya uku, na sa na ƙarfe, na shafa fenti.

Sai na ji faranti ya faɗi a can.

"Fenti!" Muryar Goggo ke nan, kamar a cikin kunnena take. "Lawwali ka ji ko? Fenti ya shafa! Yau ga ɗan damfara har gida. Ni dama tun da na ga ƙeyarshi na san a rina."

"Yaya, dakata. Gide, ni ba ni da lambar yarinyar nan."

Na sake duba agogo. Tara da arba'in da biyu.

Sai na ji Goggo ta yi tsaki. "Ni ina da ita."

"Ke kuma ina kika samu, Yaya?"

"Ina ruwanka? In ban kira na ji da wa take yawo ba, kai za ka kira? Kai mai fanka, kana da abin rubutu ko shi ma sai an ara maka? Sifili, takwas... rubuta mana, sakarai! Sifili..."

Haka ta karanto mani lambar, kowace lamba biyu da zagi ɗaya a tsakani. Da gawayi na rubuta a jikin tebur. Har yau ban goge ba.

Alheri ta ɗauka a bugu na biyu. Na ce ta tsayar da Mansura kada akwatin nan ya shiga ɗakin. Na ji gudun takalmi a siminti, na ji tana kiran "Mansura! Malam Nata'ala, ku tsaya!" Malam Nata'ala shi ne ma'aikacin da ke kula da na'urar. Ashe suna bakin ƙofa yana duba takardu.

Sai muryarta.

"Gide?"

Na sake faɗi, karo na biyu a safiya ɗaya. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na fi jin sauƙi.

"Guda nawa?"

"Uku."

"Waɗanne?"

"In kin sa wayar jonawa ta kalli gabanki, na farko a dama, da na tsakiya a baya, da na kusurwar hagu. Ki kankara da farce."

Na ji ƙarar kankara. Na ji wani namiji ya ce, "Innalillahi. Kai, wannan da ya shiga, ko bai tashi sama ba hoton ya lalace, kuma ni da ke duka sai mun yi bayani a ofis." Suka samo abin kwancewa suka fitar da su. Sai wata matsalar ta taso. Wurare ukun nan su ke danne ƙaramin zobe, da aka cire sai murfin ya ɗaga, zoben ya motsa, ta jona awo ta ce tashar gishiri ta gudu.

"Ƙarfe goma ta yi," in ji ta, ba da ni take ba. "Shi ke nan."

"Malama," na ce, "akwai zare a wurin?"

"Zare?"

"Mai ƙarfi, wanda ba ya miƙewa. Mu in mun gama naɗi ba sukuru ke riƙe waya ba, ɗauri ne. Janareto na girgiza shekara biyar bai kwance ba."

Malam Nata'ala ya ce bari ya leƙa wurin masu ɗinkin rauni. Ya dawo da zaren da suke ɗinke mutane da shi, ya yanke allurar ya bar ta can waje. Alheri ta mayar da kiran na bidiyo ta riƙe wayar. Ni kuma na jingina tawa a jikin gwangwanin dalma, na ɗauki murfin fanka da zarena ina nunawa.

"Ki zura ta ramin, ki zagayo sau uku. A'a, ta ƙasa. Yauwa. Yanzu ki danne da babban yatsa, ki shigar da bakin ta cikin zagayen farko. Ja a hankali. A hankali, Malama, kada ki yi irin tawa."

Alheri ta fashe da dariya har hoton ya girgiza. Mansura ko murmushi. Ɗaurin farko ya zame, ta sake. Masu shayi sun bar tukunya sun kewaye ni, kowa na ba da shawara, wani na cewa a ƙara zagaye, kamar sun taɓa ganin abin. A ɗauri na uku ta jona awo, ta duba layin.

"Ta dawo," ta ce, sai kiran ya katse.

Goma da minti arba'in. Na cinye mata minti arba'in cikin awa biyun da aka yi wata biyar ana roƙo.

Ranar ban iya aiki ba. Fankar da na kwance haka ta yini a kwance. Wajen ƙarfe biyu saƙo ya shigo, hotuna biyu, babu ko harafi ɗaya. Na farko da'ira ce fara tas, kamar an zana da kofi. Na biyu da'irar ce dai amma dishi-dishi, kamar wata a bayan gajimare. Na gane. Na farko ruwa ne, na biyu gishiri. Kunnen ya ji duka biyun. Na rubuta "Alhamdulillahi," na rubuta "Ki yafe mani." Alamar ta nuna ta karanta. Ba amsa.

Lahadi Inna ta ce in haƙura da zuwa, in bari ƙura ta kwanta. Na ce dattijo ya sa mani lokaci, ko korata za a yi gara in je a kore ni a zaune. Na sa shaddata ruwan sararin sama wadda na ɗinka da ƙaramar salla, da hula zanna, na goge takalmi. Dattin dalma dai ya ƙi fita daga farcena duk da na sa toka. Inna ta ƙulla mani goro da dabino a leda, ta bi ni har bakin ƙofa tana addu'a kamar mai tafiya yaƙi.

Na iske Malam a zaure kan buzu, rediyonshi a gefe a kashe. Na durƙusa na gaishe shi. Bayan labulen ƙofar cikin gida ina hango ƙafafu da lalle da bakin zane, na san Goggo ta kama wuri.

Ya bar ni na gama gaisuwa tsaf, har ya tambayi Inna da damina. Sannan ya ce, "Gide, tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka yi shiru jiya, wa zai san kai ne?"

"Da sun gano daga baya, Baba."

"Da sun gano akwai ƙarfe. Kai kuma da ka ce haka aka kawo maka su. Ka san kuma wayata kowa na ji."

"Na sani."

"To mi ya sa?"

Ban shirya amsa ba. Na ce, "Sunanta ne a takardar, Baba. Ba nawa ba."

"Daɗin baki!" in ji labule. "Ka tambaye shi fentin, Lawwali. Mai shafa wa sukuru fenti, gobe mi zai shafa wa?"

"Goggo tana da gaskiya," na ce, kaina a ƙasa. "Karyewar kuskure ce. Fentin kuwa da sanina na yi. Kunya na ji."

Da alama ba ta zaci zan ba ta gaskiya ba.

Malam ya gyara zama. "Shekara talatin na yi ina bin gonaki. Na ga manoma da yawa da suka zuba maganin da ba shi ba, gona ta ƙone. Cikinsu waɗanda suka zo da ƙafarsu suka faɗa mani tun ana iya ceton wani abu, ba su cika hannu ɗaya ba. Ni ta wurina ba matsala. Amma ba ni ka ci wa minti arba'in ba." Ya ɗaga murya. "Mansura!"

Ta fito ta tsaya gefen labule, hijabi ruwan ƙasa har ƙasa, idonta a kan tabarma. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta ba biro a hannu ba sai ranar.

"Kin ji dai. Ya turo, ko kada ya turo?"

"Kada ya turo," in ji Goggo da sauri.

"Yaya, Mansura na ce."

Ta ɗago ta dube ni. "Awo biyar na shirya, uku na samu yi. Sauran biyun sai an sake roƙo, ban san yaushe ba."

"Na sani, Malama."

"Da ka kira ni ranar Laraba, da mun ɗaure shi da zare tun a Sheme muna shan shayi."

"Haka ne."

"Duk abin da ka karya nan gaba, a ranar ni ke son in ji. Ko kofi ne."

Sai da maganar ta kai tsakiyar kaina sannan na gane akwai "nan gaba" a cikinta. Ta juya wurin babanta, murya can ƙasa. "Ya turo, Baba." Ta shige ciki da sauri har tana tuntuɓe da ƙafar Goggo.

Ni dai ban san mi na ce ba. Ina jin godiya na yi, ina jin kuma na gaishe da Malam sabuwa tun daga farko, don na ga yana dariya yana cewa ai mun gaisa.

Sai labule ya buɗe gaba ɗaya. Goggo Hajaratu ta fito, gajera ce ashe, ta ƙare mani kallo daga hula har takalmi.

"Kada ka ga kamar na sauka. Mutanen Salahuddeen na riga na ce masu su zo Juma'a, kuma ban fasa ba."

Malam ya ɗauki carbinshi. "To Gide, ka ji. Kai sai ka turo naka Alhamis."

Goggo ta yi tsaki. Ta koma ciki, muka ji ana jan wani abu a ƙasa. Sai ga ta da wata tsohuwar fanka mai tsaye, wuyanta a karye yana lilo, ta dangwarar da ita a gabana.

"Tun da ka zo, ka tafi da wannan. Sati uku ina kwana cikin zufa. Kuma in ka gama, da idona zan duba ta ciki da waje."

Haka na fito daga Faskari da shadda ruwan sararin sama, fankar Goggo ɗaure a bayan babur tana gyaɗa kai. Ban nufi Sheme ba. Na karya kan babur sai Mabai wurin Kawu Almu, don shi ne babbanmu, kuma kwana huɗu kacal gare ni in raba shi da gonarshi ana tsakar noma.